Inna Ta Goya Jikarta

Yaya Bala,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ya Anti Ladi da yara? Mu nan garin Lafia kowa ƙalau.

Albishirinka! Inna ta gama gashin cutar daji da ake mata a Abuja, likita ya ce ƙarin wuyanta ya baje. Ta rame, fatar wurin ta yi baƙi, amma da ƙafarta ta shigo gida.

Sai dai ta ƙi taɓa jaririyata. Na miƙa mata ita, ta ja da baya tana cewa, "Hasken injin nan yana jikina, kada in ƙona yarinya." Har kwanon abincinta ta ware.

Na kira likitan a waya, na sa mata a kunne. Ya ce, "Mama, hasken ya gama aikinsa a kan cutar. Da an kashe injin ya ɗauke, kamar fitila, ba ya bin mutum gida."

Sai Inna ta ce, "Miƙo min zani." Yaya, da goyo ta zaga unguwa gida-gida, mata suna ta guɗa!

A ci gaba da yi mata addu'a. Ka gaishe da kowa. Ta ce ka kawo autanka da hutu, bayanta bai gaji ba.

Ƙanwarka,
Hajara