Tirelar da Ta Tsaya Sallar Juma'a a Ƙofar Gidana

Zuwa ga Mai girma Babban Jami'i mai ba da izinin ɗaukar manyan kaya a kan hanya, Maiduguri.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, musamman mai gadin ƙofar ofishinka, wanda yanzu mun saba har yana tambayata jikin tsohuwa. Yaya aiki, yaya zafin bazara? Allah Ya nuna mana damina lafiya, ko da yake a kan wannan addu'ar ce nake da magana.

Ranka ya daɗe, sunana Modu Mai Banda. Bandar kifi nake saye ina sayarwa tsakanin Nguru da Gashuwa. Gidana yana Nguru a bakin kwalta, hanyar fita Gashuwa, jifa kaɗan daga masallacin Juma'a. Na je ofishinka ban same ka ba, na bar saƙo ban ji amsa ba, shi ya sa na ce bari in biyo ta jarida, tunda mai gadinka ya ce shayinka na safe ba ya wucewa sai da ita.

Na farko, yadda baƙuwar ta zo.

Tun tsakiyar rani jirgin ƙasa ya sauke wani injin wutar lantarki a tashar Nguru, wanda za a kai Gashuwa. Ban taɓa ganin ƙarfe irinsa ba, ya fi zauren gidana tsawo, ya fi shi faɗi. Aka ɗora shi a kan wata tirela mai shimfiɗaɗɗen baya, ƙafafunta kamar na shanshani. Ofishinka ya ba direban, Malam Tanimu mutumin Gusau, takardar izini mai sharaɗi uku: ya yi tafiyar da rana, kada ya sauka daga kan kwalta, kuma ya gama ta a rana guda. Ranar da kuka zaɓa masa ita ce Juma'a.

Duk ɗan Nguru ya san abin da ke faruwa a hanyar nan ranar Juma'a. Masallaci ba ya ɗauke mu, sahu yana fitowa ya haye kwalta, 'yan agaji su tare hanya har a idar. Ɗora injin ya ci safiya, sai ga Malam Tanimu ya iso daidai lokacin da liman ya hau mumbari. Ya tsaya a kan kwalta kamar yadda kuka ce. Jama'a suka taso masa, kowa da dardumarsa a hammata: “Direba, ka tsaya mana a wurin sahu, ɗan gusa gefe mana, don Allah!” Shi ma Musulmi ne, kuma ba ya so Juma'a ta wuce shi. Ya ɗan karkata ya sauka gefe, daidai ƙofar gidana. Da butata ya yi alwala, kafaɗa da kafaɗa muka tsaya a sahu ɗaya.

Muna raka'a ta biyu muka ji wata ƙara a bayanmu, rugum, har ƙasa ta motsa. Babu wanda ya waiwaya. Da aka yi sallama, sai muka tarar tirela ta durƙusa. Ƙafafunta na baya sun fasa kwalbatin da ke ƙofar gidana, sun nutse har gindi. Ranar duk wani mai ƙarfi a Nguru ya sa hannu ya tura, har da liman, amma ko gezau.

Na biyu, yadda takarda ta ɗaure takarda.

Masu sani sun duba, suka ce babu abin da zai ciro ta sai katafila. Alhamdu lillahi akwai katafila a Gashuwa, tana zaune ba ta aikin komai, har kaji sun fara ƙwai a ƙarƙashinta. To amma katafila ba ta taka kwalta da ƙafarta, sai an ɗora ta a kan wata tirelar, ita ma kuma sai da izinin ofishinka.

Bulaman unguwarmu ya ce in shirya mu je Maiduguri. Muka je, wani ma'aikacinka mai fara'a ya ba mu wurin zama, ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce doka ba ta yarda manyan kaya biyu su hau hanya ɗaya a lokaci ɗaya ba, don haka ba za a ba katafila izini ba sai injin ya bar hanyar. Bulama ya ce ai injin ba ya kan hanya, yana cikin kwalbatin Modu. Ya ce a wurinsu yana kan hanya, tunda ba a rubuta ya isa Gashuwa ba. Na ce to a sabunta wa Malam Tanimu tasa takardar. Ya ce wannan ta mutu tun ranar, don ya sauka daga kwalta, kuma ba a sabunta takarda sai mota tana tsaye a kan kwalta.

Muka fito, Bulama ya cire hula ya sosa kai, ya ce, “Modu, ni dai na yi shari'ar gona, na yi ta gado, amma ban taɓa ganin igiyar da ta ɗaure kanta da kanta ba sai yau.” Muka sayi gyaɗa muka hau motar gida.

Na uku, zaman da muke yi da ita.

Ba zan ɓoye maka ba, ranka ya daɗe, tirelarka ta yi farin jini. Awakin unguwa sun samu inuwar da ba su taɓa samu ba. Mata suna shanya a jikinta. Wani mai shayi ya kafa tebur a gindin injin, masu dara sun dawo can da zama. Mutanen Machina da na Jajimaji in sun ci kasuwa sai sun biyo sun gan ta kafin su koma, wani Bafulatani ma ya tambaye ni ko ni na saye ta. Da can ana kwatance da gidan Modu Mai Banda, yanzu cewa ake yi gidan tirela. Amalanken da ke kawo mini kifi ya daina isa ƙofata, sai a ka ake shigo da kwali, ana raɓawa ta gefe kamar marar gaskiya. 'Yan duba-gari kuma, da wannan tsaftar da gwamnatin soja ta tsananta, sun zo sun ce in kawar da tarkacen da ke ƙofar gidana. Na ce musu bisimilla, ga shi nan, su ɗauka.

Shi kuwa Malam Tanimu ya ƙi tafiya. Masu motar sun ce ya jira takarda, shi kuma ya ce injin amana ne a hannunsa, ba zai bar shi a titi ba. To mutumin da ya yi alwala da butarka, ya kwana a ƙofar gidanka, ai ya zama baƙonka, kuma baƙonka annabinka. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Abin da muka ci shi yake ci. Ya zo ba ya iya cin burabusko, yanzu shi ke neman ƙari. Ya koyi gaisuwa da Barbarci, ya san farashin banda fiye da ni, kuma mahaifiyata, Ya Fanna, ba ta kiransa da komai sai “ɗana na Gusau”. Ban rubuto don in kai ƙararsa ba. Mutumin kirki ne, kuma duk lokacin da ya kalli katangar gidana sai ya sunkuyar da kai.

Na huɗu, kuma wannan ce ainihin maganar.

Kwalbatin da tirela ta fasa, ta nan ruwan unguwarmu gaba ɗaya yake bi ya gangara kududdufi. Yanzu ƙafafun mota ne cike da shi. Mun so mu haƙa wata hanyar ruwa ta gefe, Malam Tanimu ya roƙe mu kada mu taɓa ƙasar wurin, don in ta zabtare injin zai kwanta ne a kan gidana. Ke nan in ruwa ya sauko bana, ba shi da wurin zuwa sai gindin katangata. Ɗakin da ke jikin wannan katanga kuwa na Ya Fanna ne.

Ɗakin ƙasa ne, mahaifina ya gina shi da hannunsa, a cikinsa aka kawo ta tana amarya, a cikinsa ta haife mu, a cikinsa kuma ya cika. Yanzu idanunta sun yi rauni, amma ta san kowane lungu nasa ba tare da sanda ba. Na gyara mata wani ɗaki a can cikin gida, na sa masa sabuwar tabarma. Na roƙe ta, matata ta roƙe ta, na ɗauko Bulama, na ɗauko liman. Amsarta ɗaya ce: “Modu, ni da ɗakin nan tare muka tsufa. Motar ce baƙuwa, ita za ta tashi.” Ka san tsofaffinmu. Uwa ba kaya ba ce da zan ciccibe ta in sauya mata wuri, kuma ko da zan iya, ba zan so ta yi kwanakin da suka rage mata tana laluben bangon da ba ta sani ba.

Ranka ya daɗe, ka san irin farin da muka sha a shekarun nan. Ka san yadda shanu suka faɗi, yadda gero ya ƙone a gona. Yanzu shamuwa ta iso, hadari ya fara haɗowa ta gabas da yamma-yamma, duk garin nan idonsa yana sama. In liman ya ɗaga hannu yana roƙon ruwa, masallaci har girgiza yake da amin. Ni kaɗai ne a sahun nan amin take maƙale mini a wuya. Ni da sana'ata ta dogara da cikar kogi, yau ni ne nake ganin hadari gabana ya faɗi. Wannan abu yana ci mini rai fiye da yadda zan iya rubutawa, kuma ina jin kunyar Ubangijina a kansa.

Don haka ga roƙona, kuma ba shi da yawa. Ka sa hannu a ba katafilar Gashuwa izini ta zo ta ciro motar nan, ko da za a rubuta cewa injin yana cikin kwalbati ne ba kan hanya ba, don wallahi nan yake, kowa ya gani. In ta hau kwalta, a ba Malam Tanimu sabuwar takarda ya kai amanarsa, mutanen Gashuwa su ga wutarsu, shi ma ya je ya ga iyalinsa. A gyara mana kwalbatinmu. Sannan nan gaba, in za ku zaɓa wa babbar mota ranar ratsa gari, ku ɗan tambayi mutanen garin, kwana bakwai ne a mako, kuma shida daga ciki ba mu shimfiɗa darduma a kan kwalta. In kana shakkar maganata, ka zo da kanka. Ba za ka ɓata ba, ka ce a kai ka gidan tirela. Akwai tabarma a zaure, akwai burabusko da miyar banda.

Amma ka zo da wuri. Shekaranjiya an yi yayyafi, wanda bai ma kwantar da ƙura sosai ba, duk da haka ruwa ya kwanta a gindin katanga. Malam Tanimu ya tuɓe riga yana kwashewa da bokiti har ya ƙafe. Da na shiga gaishe da Ya Fanna, na same ta tana shafa bangon da tafin hannunta. Ta ce ya yi sanyi. Sai ta sa aka jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado, ta fito da likkafaninta, wanda ta daɗe da tanada, ta miƙa wa matata. Ta ce, “Kai mini wannan ɗakinki ki ajiye a sama, kada ya jiƙe.” Na ce to Ya, ke fa? Ta ce ita tana nan.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa na gaya maka nawa. Allah Ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, Ya yi maka jagora a aikinka, Ya raya maka zuriya. In mahaifiyarka tana raye, Allah Ya ja kwananta, Ya sa ta kwana a ɗaki busasshe. In ta rigaye mu, Allah Ya jiƙanta. Juma'a mai zuwa liman zai sake roƙon ruwa, ranka ya daɗe. Ka taimake ni in ce amin da ƙarfi kamar kowa.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Modu Mai Banda,
Gidan tirela, hanyar Gashuwa, Nguru, Jihar Borno.