Goron Yaya Indo

Apo, Abuja
6 ga Mayu

Zuwa ga Yayata Indo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya Funtuwa, yaya kasuwar goro? Ƙafar nan taki ta daina kumburi? Allah ya ƙara sauƙi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Hasken waya jiri yake sa ni, doguwar magana kuma kwantar da ni take yi. Takarda kuwa ba ruwanta da gaggawa, in rubuta layi biyar in ajiye, gobe in ɗora. Kure direba zai kawo miki in ya sauke kaya.

Yaya, shekaranjiya da kika kira kika ce mini ina gajiya, na ce ba gajiya. Ƙarya na yi miki. Wata goma sha huɗu ke nan ina wannan ƙaryar, tun zazzaɓin bara. Zazzaɓin ya tafi, ƙarfina bai dawo ba. Nakan kwanta awa goma in tashi kamar wadda ta yini tana daka. An auna jini an sake aunawa, ba maleriya, ba taifod. A ƙarshe likita ta ce ciwo ne sananne, gajiya mai naci, ba lalaci ba ne, ba kuma sammu ba kamar yadda Gwaggo take ta yaɗawa. Ta ce babu ƙwayar da ke raba mutum da shi, sai dai a gyara barci, a kuma riƙa tattalin ƙarfi.

Maigidana Manniru ya isar mini da saƙonki, cewa in an yi hutun makaranta a Yuli za ki zo ki tafi da Nazeefa, ta ci gaba da karatu a wurinki. Ban ji haushi ba. Na san labarin ranar da ta je makaranta kai a tsefe, ciki ba komai, ya zo kunnenki. Ke kika raine ni bayan rasuwar Inna, na san 'yata ba za ta wulaƙanta a hannunki ba. Amma Yaya, da Manniru ya faɗa mini, kuka na yi har ya rasa inda zai sa kansa. Ita kaɗai gare ni. Shekararta takwas, kuma motsinta a tsakar gida shi ne abin da ke hana ni sarewa.

Ki ba ni zuwa Yuli. In har lokacin ban iya tashi da safe in dama mata koko in raka ta bakin ƙofa ba, da hannuna zan haɗa mata kaya.

Na gode da goro. Ina ci yadda kika ce, ɓari da safe, ɓari da la'asar, ɓari bayan magariba in jiki ya mutu. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Muhibba


Apo, Abuja
12 ga Yuni

Yayata,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwa mai tarin yawa. Yaya damina? Nan ruwa ya sauka sosai, kwatar layinmu har ta cika.

Akwai maganar da na yi sati biyu ina jujjuya yadda zan faɗa miki, bari in fara daga farko. Muna da maƙwabciya, Madam Prudence, 'yar Pankshin ce, tsohuwar nas da ta yi ritaya. Hausarta sai kin yi haƙuri, ni ma wani lokaci "kai" take ce mini kamar namiji. Ita ta kawo mini littafi ta ce in riƙa rubuta lokacin da na kwanta, lokacin da na tashi, da duk abin da na sa a baki. Bayan kwana goma ta zo ta sa tabarau tana dubawa, sai ta ɗora yatsa a kan kalma ɗaya ta ce, "Maman Nazeefa, wannan goro ne yana hana ka barci." Wai abin da ke cikin gahawa shi ke cikin goro, wanda aka ci da magariba kuwa yana nan a jiki har tsakar dare.

Yaya, musu na yi da ita. Ni da na tashi a cikin ganyen goro za a koya wa goro? Amma littafin bai goyi bayana ba. Duk ranar da na ƙara ɓari saboda gajiya, ranar nake raba dare ido biyu, gari ya waye gajiyar ta ninka, in sake ƙara ɓari. Na daina. Kwana huɗu kaina kamar zai tsage, daga nan ya lafa. Ƙullin da kika aiko sau biyu yana nan a ƙarƙashin gado, ina yayyafa masa ruwa kada ya bushe. Kunya ce ta hana ni gaya miki, don na san da ƙauna kika zaɓo mini farare.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne, sai ki yi dariya. Da, in na yi sallar asuba komawa nake yi har azahar. Yanzu kujera nake ja bakin ƙofa in zauna hasken safiya ya taɓa ni, ko ban iya komai ba. Kafin azahar in kishingiɗa rabin awa ido a rufe, bayan la'asar kuwa ba barci ko yaya ya fizge ni. Tuwon dare ya dawo kafin magariba. Wanka da ruwan ɗumi nake yi a zaune. Waya a falo take kwana. Matashi ɗaya a tsakanin gwiwoyi, shi ya rage mini ciwon ƙugu.

Manniru ya ja gadon daga jikin bangon da janaretan maƙwabta yake, ya rataya tsohon bargo a taga, ya sayo mini abin toshe kunne. Kin san aikinsa cajin batir ne a garejin Apo, to ni ma batir ya mai da ni. Wai batir mai rauni ba a barinsa ya ƙare ƙaf, kuma a hankali ake ba shi wuta. Na ce to Oga, na gode da ba ka ce a canza sabo ba.

Da ma na ji maganarsa. Na samu barci mai daɗi kwana uku a jere, sai daɗi ya ɗebe ni na tara wanki na wanke tas har da labule. Kwana biyar na yi a kwance ko kofi ban iya ɗagawa. A cikin kwanakin ne Nazeefa ta zo ta zauna a gefen gado ta tambaye ni ko a Funtuwa akwai irin makarantarsu. Ashe ta ji komai.

Cikin safiya ashirin da ta wuce, tara na raka ta bakin ƙofa. Ban ɓoye miki ba, tara ne. Amma a farkon Mayu ko ɗaya babu.

Ki yafe mini zancen goro. A gaida Malam.

Taki,
Muhibba


Apo, Abuja
3 ga Agusta

Yaya Indo,

Assalamu alaikum. Ina fata kin huta gajiyar hanya, ƙafar kuma ba ta tashi ba. Nazeefa da babanta suna gaishe ki, Madam Prudence ma ta ce a gaida "Hajiya mai goro".

Kwana huɗun da kika yi a nan ban iya faɗa miki abin da ke raina ba, bari takarda ta faɗa. Da kika shigo da jakar nan shuɗiya na ga yadda take lilo a hannunki, na san ba komai a cikinta, na kuma san kayan wa aka zo zubawa. Kika zauna kika ce ina gajiya. Na buɗe baki zan ba da amsar da aka saba, sai na ji na ce akwai ta. Kika dube ni, kika ce sannu. Tun da na fara ciwon nan ban ji sannun da ta shige ni kamar wannan ba.

Safiya biyu na tashi a gabanki na dama koko. Ta uku jiki ya ƙi. Ina kwance ina jin motsinki a kicin, na ce shi ke nan, na faɗi a ranar da bai kamata ba. Sai ga Nazeefa da mataji, ta jera mini matasai a baya yadda ta ga babanta yana yi, ta zauna a tsakanin ƙafafuna. Kalba huɗu na yi mata, muna hutawa tsakanin kowace, tana ba ni labarin ajinsu. Na gan ki a bakin ƙofa, na kuma ga lokacin da kika juya kina gyara mayafin da bai zame ba.

Da rana na ga kin ɗauki littafin barcina kina bi shafi shafi. Sai ranar tafiya kika durƙusa da wannan ƙafar taki kika jawo goron daga ƙarƙashin gado, kika zuba a jakar, kika ce ko banza ba za ta koma wayam ba.

Ban warke ba, Yaya, kuma likita ba ta yi mini alkawari ba. Amma yanzu nakan yi barci, wata safiyar har in ji na ɗan huta.

Jiya Kure ya kawo ƙulli a ganyen goro kamar kullum. Na ce Yaya ba ta haƙura da zancen goro ba. Na kwance sai ga kibiyar kitson Inna, wadda kika yi ta yi mini kitso da ita har na yi aure. Na gane saƙon. Ranar Asabar in jiki ya yarda zan yi wa Nazeefa shuku da ita, in bai yarda ba mu yi rabi, mu ƙarasa Lahadi.

Ki ci gaba da tambayata ina gajiya. Yau ma akwai ta, amma na yi barci, kuma 'yata tana tsakar gida ina jin muryarta.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki da kika raina,
Muhibba