Ƙyauren Babban Zaure

Zuwa ga ƙanena,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara, kuma ina fatan ƙafar Inna ta yi sauƙi. Na zaɓi in rubuto ne domin duk sa'ad da na zo gidanka, ina magana kana latsa waya.

Saƙon kwamitinku na gidan wasanni ya iso ni, wai in miƙa makullin babban zaure ga sabon manaja kafin bikin buɗe wurin ninkaya. Tunda kai ne shugaba, kai zan ba amsa: ba zan bayar ba.

Bari in tuna maka tarihin da kake shirin karanta wa baƙi. Wannan gidan wasanni na unguwa tsohon sito ne da jemagu suka mamaye. Ni da kai muka share shi, ko da yake ka fi daɗewa a bakin taga kana tari. Teburin ƙwallo na farko ni na haɗa shi, ina bin zanen wata 'yar ƙasida da na tsinta a shagon littattafai. Daga baya wani kafintan unguwarmu, Allah ya jiƙansa, ya ba mu katako, na durƙusa na shimfiɗa daɓen zauren nan da hannuna yadda wata ƙasidar kula da daɓe ta tsara. Ɗakin karatu ya biyo baya, sai filin ƙwallo, sai ɗakin motsa jiki na mata. Duk ginin da aka ƙara, kai girma aka ƙara maka, ni kuwa shara.

Laifina, in ji ku, shi ne na hana 'yan matan ƙwallon raga shiga atisaye ana gobe gasarsu, har da 'yarka ta fari. Na duba ƙasan takalmansu da tsinke, kamar yadda nake yi wa kowa, na tarar da tsakuwa a maƙale. Ƙasida ta faɗa ƙarara cewa tsakuwa tana tsaga man da ke kan katako, ruwa ya sami hanya, katako ya ruɓe. Na miƙa musu buroshi, suka fashe da dariya, 'yarka ta kira ni Baba Tsinke a gaban ƙawayenta. Na san bakin da ta ji wannan suna.

Ka gaida Inna.

Yayanka.

*

Zuwa ga ƙanena,

Ina gaisuwa, da fatan gida lafiya. Ni dai ba na neman tausayinka a kan wannan magana.

Ba ka amsa mini ba, sai ka kai ƙarata wurin Inna. Tsohuwa mai fama da ƙafa ta sa aka kira ni, ta ce ashe da furfurata ina korar 'ya'yan mutane a kan itace. Ban taɓa yi mata musu ba, ban kuma fara ba ranar. Wannan kuwa ba zan manta maka da shi ba.

Manajanku ma ya zo da murmushinsa, ya ce za a rataya hotona a bango, a rubuta cewa ni ne uban gidan. Na tambaye shi da wane irin mai ake shafe daɓe, ya ce za a kira masu aiki su duba. Na gane nufinku: ku rataye ni a bango ina kallo, ku jera kujerun ƙarfe a kan katako don taron suna da na aure.

Tun ranar da saƙonku ya zo zauren yana kulle, kuma kada ka ɗauka daɗin haka nake ji. Ina ganin matasa suna buga ƙwallo cikin rana a bayan katanga, ina jin abin da suke faɗa idan na wuce. Dominsu na yi daɓen nan. Amma idan ya lalace, kwamitinku siminti zai zuba, ni da kai mun sani.

Yayanka.

*

Zuwa ga shugaban kwamiti,

Gaisuwa gwargwadon hali.

Jiya da safe na iso wurin aiki na ga zaure a hangame. Ban taɓa kawo wa raina za ku yi haka ba. Na yi tsammanin takardar kora, ko sabon kwaɗo. Ashe mai gyara ka turo da sukudireba ya kwance ƙyauren gaba ɗaya, aka jingine shi a bayan ɗakin karatu, kwaɗona yana rataye a jikinsa ba wanda ya taɓa shi.

Na tsaya a bakin ƙofa. Zauren ya cika maƙil, an ɗaure raga, takalma suna ta ƙugi a kan daɓe. 'Yarka ta hango ni, ta ɗaga ƙafa ta nuna mini ƙasan takalminta, tas yake. Ban san ko ba'a ce ko biyayya ba, ban kuma tambaya ba. Ba wanda ya kore ni, ba wanda ya ce in shigo.

Na kira mai baro, muka ɗora ƙyauren, na kai shi gidana. Da hannuna na fere shi tun farko, ba na kuma barin sa a waje ruwa ya doke shi. Ba sata ba ce, shi ya sa nake sanar da kai a rubuce.

Damina ta kusa, kuma ƙofar zauren gabas take kallo. Ranar da kuke son rufe shi, kada ka turo manaja, kada ka bi ta wurin Inna. Ka zo da ƙafarka, ka yi sallama, ka bar wayarka a mota.

Wanda ya riga ka zuwa duniya,
Yayanka.