Likkafanin Gwaggo Yana Cikin Jakata

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin wani ya fara jawo mini aya, ya tsaya ya ji ni tukuna. A gidan malamai na tashi, wa'azi bai yi mini ƙaranci ba, shawara nake nema.

Ni ɗan Tambuwal ne, ma'aikacin lafiya, shekara tara ina aiki a wani ƙaramin asibiti a yankin Kebbe. Duk Litinin sai in ɗaure jaka a bayan babur in bi hanyar nan mai kwance wa mutum ƙugu, ranar Juma'a in dawo. Shekara tara ina rubuta maganin da na san babu shi a asibitin, ina kallon idon uwa da ɗa a goye ina ce mata ta je kemis. Waɗanda muka fara tare duk sun samu canji zuwa Sakkwato, ni ko amsar takardata ban samu ba. In na dawo gida kuma mahaifina, Malam, yana jira in ajiye aikin in karɓi karantar da ɗalibansa, wai gwiwoyinsa sun gaji. Ban san ko aikin nake so ba, ban san ko buzun Malam nake so ba. Na dai san na gaji, irin gajiyar da ke sa mutum ya daka wa marar lafiya tsawa, kuma na daka har sau biyu.

Shi ya sa na yi fasfo a ɓoye, na ɗauki hutuna na shekara, na sayi tikitin jirgi zuwa tsibirin Zanzibar. Kwana goma kacal nake so in zauna a bakin teku, inda ba mai ce mini likita, ba mai ce mini ɗan Malam, in yi tunanin inda rayuwata ta dosa. Wannan laifi ne? Wa na cuta?

Sai yayana, wanda ba ya ganin abu ya yi shiru, ya ga fasfon a aljihun rigata. Muna cin tuwo a gaban Malam ya ce, "Ashe Umara za ka, shi na ba ka gaya muna ba?" Malam ya ɗago kai da wani farin ciki da rabon in gan shi a fuskarsa tun ranar saukata, ya ce, "Gaskiya na?" Na ce, "I, Malam." Ta yaya zan kalli mutumin nan in ce masa kallon ruwa za ni? A gidanmu in ka ce hutu, sai a tambaye ka me ke maka ciwo.

Washegari bayan sallar asuba Malam ya sanar a masallaci. Tun daga nan ban huta ba: wannan ya ce in roƙa masa haihuwa a gaban Ka'aba, waccan ta aiko da sunan ɗanta mai jarrabawa, ni kuma ina ta "in sha Allahu" kamar munafukin gari. Ina jin haushinsu, ina jin haushin yayana, haushin kaina ya fi duka.

Duk wannan da sauƙi. Ranar Asabar sai ga Gwaggo, yayar Malam, wadda ta yaye ni, an ɗauko ta a babur tun daga Fakku, ga hawan jini, ga ƙafa a kumbure. Ta ja ni ɗaki, ta kwance wani ƙulli ta miƙo mini farin yadi a ninke. Ta ce, "Ɗana, wanga likkafanina na. Sau ukku nika neman mai tafiya da shi, ban yarda da kowa ba sai kai. Ka tsoma man shi cikin zamzam ka shanya shi can, da shi nika so a rufe ni." Na buɗe baki in faɗi gaskiya, ta kama hannuna tana sa mini albarka, sai na ji kaina ina cewa amin.

Na gaya wa wani abokina, ya ce in sayi zamzam a hannun alhazai in yayyafa masa a gida, wa zai sani? Na zage shi tas, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ni na riga shi yin wannan tunanin. Tikitin ba ya sauyuwa, kuma tunda gaskiya na zo in faɗa muku, har yanzu tekun zuciyata take so. Shi ne abin da ke ba ni kunya.

Ranar Alhamis jirgina zai tashi. Jiya aka bugo daga Fakku cewa jikin Gwaggo ya tashi, ba ta iya zama sai an jingina ta. Aka kanga mata wayar a kunne, ta ce da ni, "Kar ka fasa sabili da ni, ɗana. Ina jiran ka, ba ni tafiya sai ka kawo man kayana."

Jama'a, in na faɗi gaskiya zan kunyata Malam a gaban masallacinsa, in kashe wa Gwaggo zuciya tana kwance. In na yi shiru za a naɗe ta a cikin ƙaryata, ni kuma ina sahun gaba ina yi mata salla. Ku gaya mini don Allah, me zan yi?