Ƙwayar Ranar Awo

Zuwa ga maigidana, sanyin idona, inuwata in rana ta take, direban da ya ɗauki zuciyata ya yi gaba bai ko waiwayo ba.

Bayan gaisuwa, kewarka ta ishe ni. Sai in zuba abinci kwano biyu, in zauna, sannan in tuna ni kaɗai ce. Tun da kamfani ya mai da kai doguwar hanya gidan nan ya yi mini faɗi. Har yau miyata lami take, don kai na rage gishiri, harshena kuma ya ƙi komawa.

Ka tuna ranar da ka fara shigowa ƙaramin asibitinmu? Na ɗaura maka abin awo a damtse, jini ya hau, ka ce laifina ne, in ɗan matsa baya a sake gwadawa. Na yi dariya har babbar nas ta leƙo. Yanzu wuni nake ina awon mutane, amma hannun da nake so yana can kan sitiyari.

To, masoyina, bari in fito maka a mutum. Duk awon da kake yi a kemis ka turo mini ta waya lafiya lau yake, kamar na saurayi. Amma maganin hawan jinin da na sa maka a jaka na wata guda ne, ga damina ta wuce ba ka ce ya ƙare ba. Ni za ka yi wa wayo? Na san halinku sarai, ku direbobi: sai ranar awo ku haɗiyi ƙwaya da sassafe, na'ura ta nuna ƙalau, ku fito ku kunna taba. Wa ka ruɗa, ni ko zuciyarka?

Shekaranjiya aka kawo mana wani tela sa'anka, mai irin dabararka, dafe da ƙirji. Kafin motar babban asibiti ta iso ya cika. Matarsa na waje riƙe da takalmansa, kuma ni aka tura gare ta.

Tsoro nake ji, wallahi. Don Allah ka sha maganinka kullum, ko kana jin garau. Ka bar tabar nan, in kun yada zango ka ɗan taka ƙafa. Na san yadda ake zaunar da mace a benci kafin a faɗa mata. Kada ka bari wata ta zaunar da ni.

Taka ce ni har numfashina na ƙarshe,
matarka, wadda ba ta da kowa sai kai.