Miyar Kaka Ba Gishiri

Laraba, bayan isha'i

Yau na raka Kaka awon jini a ƙaramin asibitin da aka gyara mana a nan Nasarawa. Da sai mun hau keke mun haye gada, yanzu kuwa da ƙafa muke zuwa, tana dafe da kafaɗata.

Sista Rahila ta ɗaura mata abin awo a hannu, ta duba, sai ta ɓata fuska. "Mama, jinin nan bai sauka ba. Kin daina cin gishiri kuwa?"

"Ni? Ai na ma manta ɗanɗanonsa," in ji Kaka.

Sai Sista ta juyo ta kalle ni, ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu. Amma na tuna ranar da jiri ya kayar da Kaka a tsakar gida. Kaina a sunkuye na ce, "Tana ƙulle shi a haɓar zaninta. In Umma ta juya baya sai ta barbaɗa."

Sista ta yi dariya, sannan ta zauna kusa da Kaka, ta daɗe tana lallashinta.

A hanyar dawowa Kaka ta ƙi dafa kafaɗata. Na yi ta haɗiye kuka.

Da aka kawo tuwon dare sai ta ƙwala mini kira. "Ke 'yar rahoto, wanko hannu. Tunda ke kika kai ƙara, tare za mu sha wannan miyar lami."

Wallahi miyar ba daɗi. Amma mun cinye tas, tana hararata tana turo mini naman gabanta.