Makullin Sito Yana Aljihuna, Albashina Yana Hannunsa

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani.

Ni mai gashin burodi ne. Na daɗe ina aiki a gidan burodin aminin marigayi mahaifina, mutumin da nake kira Baba tun ina yaro. Hayaƙi ya cinye mini ƙirji, tari ba ya barina, likita ya ce in rabu da bakin tanda. Na je ofishin Baba na durƙusa, na ce zan ajiye aiki, a taimaka a ba ni albashina na wata huɗu da ya maƙale. Ya ce fulawa ta yi tsada, in yi haƙuri. Da na koma, sai ya ce ashe ba ni da kunya, shi da ya sayi likkafanin ubana. A gaban ma'aikata ya faɗa. 

Mahaifiyata ta ce in bar shi da Allah, kada in ɓata zumunci. Matata kuwa ta sayar da keken ɗinkinta ta sayo mini magani. Mai gidan haya ya daina amsa gaisuwata.

Makullin siton fulawa na gidan burodin har yanzu yana wurina. Direban da ke raba burodi ya ce in kwashi fulawa daidai kuɗina, shi zai kawo mota. Wallahi zuciyata ta fara karkata.

Mai Tari

Ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya.

Ka mayar da makullin nan gobe a gaban shaidu, a ƙirga buhunan a kan idonka. Ranar da ka ɗauki buhu ɗaya, ka tashi daga mai haƙƙi ka koma ɓarawo, direban kuwa zai ce bai san zancen ba.

Mai yiwuwa da gaske kasuwa ta matse Baba, kuma alherin da ya yi wa gidanku ba abin mantawa ba ne. Amma likkafani sadaka ce ga mamaci, ba a cire ta daga gumin maraya. Ka sami dattijon da yake jin nauyinsa ku je tare, a tsayar da adadin kuɗin da ranar biya, ko da kashi-kashi ne, ya sa hannu. In ya ƙi, ka kai ƙara ofishin ƙwadago, abokan aikinka su shaida.

Ba zan ɓoye maka ba, kuɗin na iya jinkiri, zumuncin kuma da wuya ya koma yadda yake. Ka lallashi mahaifiyarka, ka nuna mata ba rashin kunya ba ne mutum ya nemi haƙƙinsa. Duk abin da ya fara shigowa, ka mayar wa matarka kekenta. Allah ya warware maka.